Malam, 'Yata Na Son Shiga Soja: Darasi Kan Mace Musulma Da Aikin Kaki



Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, darasinmu na wannan makon tambaya ce ta haife shi. Ranar Talatar da ta wuce, bayan mun idar da sallar Isha'i a masallacinmu nan Tudun Wada, wani dattijo cikin maƙwabta, wanda a haife ya haife ni, ya zauna har jama'a suka watse. Sannan ya matso ya ce, "Allah gafarta Malam, ina da magana."

Na ce, "Ina jin ka Baba."

Ya ce, "Yarinyar wajena ce. Ta gama makarantar koyon aikin jinya, yau shekara biyu ba aiki. Ta ga an buɗe shafin ɗaukar soja, ta ce ita fa sai ta cike. Uwarta ta ce sai dai bayan ranta. Yayanta ya ce haramun ne, wai ya ji a wa'azi. Ita kuma ta ce ai Nusaiba ma ta yi yaƙi. Ni na rasa ta cewa, kwana huɗu gida ba daɗi."

Na roƙe shi ya ba ni kwana biyu in yi bita. Da izininsa nake kawo amsar nan, don na san ba gidansa kaɗai ake wannan gardamar ba. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, mas'alar ba ta kalma ɗaya ba ce.

MU FARA SANIN ABIN DA MUKE MAGANA A KAI

Malaman usulu sun koya mana cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimci yadda yake. To mu mutanen Zariya ba mu da uzurin jahiltar aikin soja. Depo, inda ake horar da kuratan sojan ƙasa, tana nan garin tun 1924. Barikin da take ciki, Chindit, sunan ya samo asali ne daga wata runduna da kakanninmu suka yi yaƙi a cikinta a dajin Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Makarantar soja ta yara maza tana nan tun 1954. Ga barikin Basawa. Ka miƙi hanyar Kaduna ga Jaji, ka isa Kaduna ga makarantar horar da hafsoshi, NDA, wadda aka kafa a 1964. Duk ranar faretin yaye kurata, daga PZ zuwa Sabon Gari ba masaka tsinke. Amma sau nawa muka zauna muka tambayi yadda ake shiga, da abin da ake yi a ciki?

Ƙofofin shiga ba ɗaya ba ne, kuma wannan shi ne abu na farko da uba zai riƙe.

Akwai ƙofar kurtu. Wanda ya gama sakandare ya cike ta intanet, a tantance shi a jiharsa, a kawo shi Depo ya yi kimanin wata shida yana shan horo, ya fito ƙaramin soja. Ana neman ɗan shekara 18 zuwa 22, mai sana'a ko takardar ƙwarewa kuma har zuwa 26, kuma ana sharɗanta ya kasance bai yi aure ba.

Akwai ƙofar NDA, inda ɗalibi ke haɗa digiri da horon yaƙi, sojan ƙasa ya yi shekara biyar, ya fito hafsan da aka tanada don jagorantar dakaru. Daga wannan layin ne shugabannin rundunoni ke fitowa.

Akwai kuma ƙofar ƙwararru: likitoci, ma'aikatan jinya, lauyoyi, injiniyoyi, malaman makaranta, har da limamai, domin rundunar sojan ƙasa tana da sashen harkokin addinin Musulunci. Waɗannan sukan yi gajeren horo, a ba su muƙamin hafsa, su ci gaba da aikin da suka karanta.

Kun ga kenan kalmar "soja" ta ƙunshi mai riƙe da bindiga a dajin Birnin Gwari, ta ƙunshi mai ɗaura wa majinyaci ruwa a asibitin soja na 44 a Kaduna. Wanda ya ba su hukunci guda bai yi wa ilimi adalci ba.

Ta ɓangaren mata kuwa, an daɗe ana ɗaukarsu a fannin lafiya da ofis. Likita Aderonke Kale ta kai Manjo Janar a 1994, ita ce mace ta farko da ta taka wannan matsayi a Najeriya. Abin da ya sauya shi ne a 2011, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, aka fara ɗaukar mata a NDA a layin hafsoshin yaƙi, su 20 a karon farko. A wannan shekarar ce Blessing Liman, 'yar jihar Kaduna, ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgin soja. A Nuwamban 2017 jaridu suka ruwaito cewa za a rufe wa mata wannan layin, wasu ma suka jingina abin ga shugabannin Musulmin Arewa ba tare da sun ambaci sunan kowa ba, Hedikwatar Tsaro ta fito ta musanta. A 2018 sojan ƙasa suka kafa runduna ta mata zalla. A Oktoban 2019 aka liƙa wa Kafayat Sanni alamar matuƙiyar jirgin yaƙi, da Tolulope Arotile matuƙiyar jirgin yaƙi mai saukar ungulu, wadda ta yi aikin fatattakar 'yan bindiga kafin ta rasu a hatsarin mota a sansanin sojan sama na Kaduna ranar 14 ga Yuli, 2020. Wannan shi ne halin da ake ciki, ko muna so ko ba ma so.

SHIN AIKIN SOJA KANSA YA HALATTA?

Kafin a zo kan mace, sai an gama da wannan, domin har yanzu akwai masu raɗa wa samari cewa sa kaki kafirci ne. Wannan aƙidar mun ga inda ta kai Borno da Yobe, Allah Ya kiyaye mu.

Shari'a ta zo ne don tsare abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Duk biyar ɗin ba sa tsaruwa inda babu tsaro. Manomin Giwa da ya bar gonarsa, da ɗaliban da aka ɗauke a kwalejin Nuhu Bamalli a Yunin 2021, da fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris, 2022, su ne tafsirin wannan magana. Masu tare hanya da satar mutane, fiƙihu ya san su da sunan muharibai, kuma aya ta 33 a Suratul Ma'ida ta yi bayanin girman laifinsu. Wanda ya ɗauki albashi don ya kare bayin Allah daga irin waɗannan, da kyakkyawar niyya, yana kan aikin lada. Annabi Yusuf (AS) da kansa ya nemi a ɗora shi kan taskokin Masar a ƙarƙashin sarkin da ba addininsu ɗaya ba, saboda maslahar jama'a.

Sharaɗi guda ne ba ya faɗuwa, ga namiji ko mace: ba a yi wa wani mahaluki biyayya a saɓon Mahalicci. Kaki ba ya halatta jinin wanda bai ji ba bai gani ba, ba ya halatta marin talaka a shingen bincike, ba ya halatta karɓar na goro a hanya. Ranar Lahira kowa da littafinsa zai tashi, ba za a karɓi "oga ne ya ce" ba.

MATA A FAGEN FAMA A ZAMANIN ANNABI (SAW)

Yanzu mu zo kan hujjar da yarinyar ta kawo. Ta yi gaskiya, amma ba ta kai ƙarshen karatun ba.

Imam Bukhari ya ruwaito daga Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu (RA) cewa sukan fita yaƙi tare da Manzon Allah (SAW), suna shayar da mayaƙa, suna yi musu hidima, suna mayar da waɗanda suka jikkata da waɗanda suka yi shahada Madina. Imam Muslim ya ruwaito cewa Ummu Aɗiyya (RA) ta halarci yaƙi bakwai, tana tsaron kaya, tana dafa abinci, tana jinyar masu rauni. Ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, an ga Nana A'isha da Ummu Sulaim (RA) suna jigilar salkunan ruwa a bayansu. Rufaida (RA) tana da hema a masallaci inda take jinyar masu rauni, kuma can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu (RA) bayan kibiya ta same shi a yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5. Wato asibitin soja na farko a Musulunci, mace ce ke riƙe da shi.

Nusaiba 'yar Ka'abu, Ummu Ammara (RA), da salkar ruwa ta fita ranar Uhudu, tare da mijinta da 'ya'yanta biyu. Sai da sahu ya karye, abokan gaba suka doshi Manzon Allah (SAW), sannan ta zari takobi ta tsaya gabansa, har aka yi mata mummunan sara a kafaɗa. Daga baya ta halarci yaƙin Yamama zamanin Sayyidina Abubakar (RA), a can ta rasa hannu. Ummu Sulaim (RA) ranar Hunainu, shekara ta 8, ta riƙe wuƙa don kare kanta in wani ya kusanto ta, Annabi (SAW) ya ji labari bai hana ta ba. Ummu Haram 'yar Milhan (RA) ta roƙi Annabi (SAW) ya yi mata addu'ar kasancewa cikin masu yaƙin teku, ya yi mata, kuma ta tafi tare da mijinta Ubada ɗan Samitu zamanin Sayyidina Usman (RA), ta rasu a wannan tafiyar zuwa tsibirin Ƙubrus.

A ɗaya gefen kuma, da Nana A'isha (RA) ta nemi izinin mata su riƙa fita jihadi, sai Annabi (SAW) ya nuna mata cewa aikin Hajji shi ne jihadinsu. Wannan ma yana cikin Bukhari.

Idan ka jera waɗannan ruwayoyi ka dube su da idon adalci, abu huɗu za ka gani. Na ɗaya, ba a taɓa wajabta wa mata fita ba. Na biyu, ba a hana su ba. Na uku, galibin aikinsu jinya ne da shayarwa da hidimar runduna, ɗaukar makami kuwa sai lokacin da wuya ta kai wuya. Na huɗu, sun fita da suturarsu, yawancinsu tare da mazajensu ko 'ya'yansu ko danginsu.

Saboda haka yayan da ya ce haramun ne kai tsaye ya tsallake Rufaida. Ƙanwar da ta ce Nusaiba ta yi, ta manta da salkar ruwa da mijin da ke gefenta. Kowa ya ɗauki rabin karatu ya tafi da shi.

ABIN DA MALAMAN FIƘIHU SUKA FITAR

A mazhabarmu ta Malikiyya, fita yaƙi farilla ce ta kifaya, idan wasu suka yi ta faɗi a kan saura, kuma ana ɗora ta ne kan namiji baligi mai hankali mai iko. Risala ta Ibnu Abi Zaid ta bayyana cewa ba a fita sai da yardar iyaye, in ban da lokacin da abokan gaba suka auka wa gari ba zato. Mukhtasar na Shehu Khalil ya nuna cewa a irin wannan farmakin, wajibcin kare kai yana hawa kan kowa, har da mace. Matar ƙauyen da 'yan bindiga suka faɗo wa cikin dare, ta ɗauki taɓarya ko adda ta kare kanta da 'ya'yanta, ba ta buƙatar fatawar kowa.

Akwai kuma darasi kan tantancewa. Abdullahi ɗan Umar (RA) ya gabatar da kansa ranar Uhudu yana ɗan shekara 14 aka mayar da shi, ranar Khandaƙ yana da 15 aka karɓe shi, ga shi ɗan Umar ne sukutum. Malaman sira sun kawo cewa an karɓi Rafi'u ɗan Khadij saboda iya harbi, Samura ɗan Jundub kuma sai da ya kayar da Rafi'u a kokawa aka karɓe shi. Ma'auni shi ne iyawa, ba alfarma ba. Wannan ma'aunin bai san namiji ko mace ba: wanda ba zai iya ɗaukar nauyin aiki ba, tura shi cutarwa ce gare shi da abokan aikinsa.

Wasu kan ce, ai mu jikokin Sarauniya Amina ne, wadda ta jagoranci dakarun Zazzau, har yau ana jingina ganuwoyi da sunanta. Tarihinmu ne, muna alfahari da shi. Sai dai tarihi yana nuna mana abin da mace za ta iya ne, hukuncin Shari'a kuwa daga nassi ake ɗauko shi. Kuma a tarihin namu akwai Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu cikin shekarun yaƙi, ta tsara 'Yan Taru suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata. Ita ma gyaran ɓarnar yaƙi ta yi, ta hanyar da maza ba za su iya ba.

BUƘATAR DA BA MA SON KALLO

Nan ne nake son mu yi wa kanmu gaskiya. Tun 2014 Boko Haram suka fara ɗaura wa 'yan mata bam. Kano ta ɗanɗana a watan Yulin shekarar. Mu ma nan bam ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari ranar 7 ga Yuli, 2015, ma'aikata sama da 20 suka rasu. Ku tuna yadda aka koma: ƙofar kasuwa bincike, ƙofar asibiti bincike, tasha bincike, kuma mai dogon hijabi ita aka fi sa wa ido.

To ina tambaya. Idan dole sai an binciki matarka ko mahaifiyarka a shinge, wa kake so ya bincike ta? Idan an kuɓutar da mata daga hannun 'yan bindiga bayan watanni a daji, wasu da ciki, wasu da raunin da ba za su iya faɗa wa namiji ba, wa kake so ya fara karɓarsu? Matar ƙaramin soja da naƙuda ta kama a bariki, mijinta yana bakin daga, wa zai karɓi haihuwarta? Macen da aka tsare ana tuhuma, wa zai kwana gadinta?

Duk za mu ce mace. In son samu ne ma, wadda ta ji Hausa, ta san kunyarmu, ta san mece ce al'aura. To daga ina za ta fito in kowane gida ya ce ba dai 'yarsa ba? Mun taɓa yin wannan kuskuren a aikin likita. Shekaru muna hana 'ya'ya mata karatun, sannan muna kukan maza na duba matanmu a ɗakin haihuwa. Abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne, haka ƙa'ida ta ce. A fahimtata, samar da mata Musulmi amintattu a waɗannan gurabe buƙata ce ta al'umma, ba kwalliya ba.

MATSALOLIN DA KE AKWAI DA GASKE

Kada wani ya ce Malam ya buɗe ƙofa gaba ɗaya. Tsoron uwar yarinyar nan yana da tushe, ruwa ba ya tsami banza.

Na farko, sutura. Aya ta 31 a Suratun Nur da ta 59 a Suratul Ahzab a fili suke. Kakin da muke gani a jikin sojoji mata ba ya rufe gashi da wuya yadda Shari'a ta nema, kayan motsa jiki na lokacin horo kuwa kowa ya san yadda suke. Wannan ita ce babbar matsala, kuma ba zan rufe ta da ganye ba.

Na biyu, keɓewa da namijin da ba muharrami ba, musamman inda yarinya ƙarama take ƙarƙashin wanda ke da ikon hukunta ta ko ɗaga ta. Inda iko ya haɗu da keɓewa, Shaiɗan ya samu wurin zama. Wannan ba a soja kaɗai ba ne, akwai shi a jami'a da banki da ma'aikatu, sai dai a soja ƙarami ba ya musu da babba.

Na uku, tafiya da zama nesa da muharrami. Soja ba ya zaɓen inda za a tura shi.

Na huɗu, aure. Ana ɗaukar kurtu ne ba aure, kuma a Disambar 2021 kakakin rundunar sojan ƙasa ya bayyana cewa sai soja ya yi shekara uku yana aiki kafin ya cancanci yin aure. Wannan lissafi ne da ya kamata yarinya da iyayenta su yi tun kafin a cike fom. Musulunci bai ɗauki haƙƙin iyalin soja da wasa ba. Malaman tarihi sun kawo cewa Sayyidina Umar (RA), bayan ya yi shawara da 'yarsa Nana Hafsa, ya ƙayyade watannin da mayaƙi zai yi nesa da matarsa.

ZUWA DA KAI YA FI AIKE

Tambayar ita ce, waɗannan matsalolin sai a gudu a bar su, ko kuwa a tsaya a nemi gyara? Dokar kaki ba wahayi ba ce, mutane ne suka zauna suka rubuta, mutane kuma ke sauya ta.

A Afirka ta Kudu an gurfanar da Manjo Fatima Isaacs a 2018 saboda ta ƙi cire ɗankwali a ƙarƙashin hularta. Ta tsaya kan haƙƙinta ta hanyar doka, a Janairun 2021 rundunar ƙasar ta sauya ƙa'ida ta bar mata Musulmi su rufe kansu. Amurka, wadda ta buɗe wa mata dukkan guraben yaƙi a Disambar 2015, sojan ƙasanta sun sauƙaƙa izinin sa hijabi a 2017. Saudiyya ta buɗe wa mata shiga soja a Fabrairun 2021, alhazanmu ma sun ga jami'an tsaro mata a Harami cikin suturarsu.

A gida Najeriya, Firdausi Amasa ta ƙi cire hijabi ranar rantsar da lauyoyi a Disambar 2017, aka hana ta shiga, a Yulin 2018 aka rantsar da ita da hijabinta. A Maris 2022 Sufeto Janar na 'yan sanda Usman Alƙali Baba ya amince 'yan sanda mata su sa ɗankwali a ƙarƙashin hula. Ranar 17 ga Yuni, 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata haƙƙin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a same shi da zagi a Facebook ba. An samu ne da haƙuri, da lauyoyi, da mutanen da ke cikin tsarin.

Kundin tsarin mulki na 1999 ma yana tare da mu. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin yin addininsa. Sashe na 217 ya ce tsarin hafsoshi da ƙananan sojoji dole ya nuna kowane ɓangare na ƙasa. Muna da gurbi a doka. Idan muka bar shi, wani zai cike, kuma ranar da za a zauna rubuta ƙa'idar sutura da masaukin mata, ba mai ɗaga hannu a madadinmu. Wannan aiki ne a wuyan 'yan majalisarmu, da sarakunanmu, da Jama'atu Nasril Islam, da Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci, da ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN: su nemi kakin da ya rufe jiki, da masauki da masu horarwa mata, da hanyar kai ƙara wadda yarinya ba za ta ji tsoron bi ba.

AMSAR DA NA BA BABA

Ranar Alhamis na je har zaurensa. Na ce, "Baba, ga abin da ya bayyana gare ni, Allah ne mafi sani.

"Shiga sahun gaba na masu artabu ba a ɗora wa 'yarka ba, kuma ba na ba ta shawarar nemansa. Wadda ta shiga, ba na kafirta ta, ba na zagin iyayenta, ina yi mata addu'ar Allah Ya tsare ta.

"Aikin jinya a asibitin soja kuwa, asalinsa halal ne, sana'ar Rufaida ce. Tunda ta yi karatu, ta duba ƙofar ƙwararru idan takardunta sun kai, ko ta ƙaro karatu har su kai, maimakon ta yi gaggawar bin ƙofar kurata.

"Kafin ta cike komai, ku nemi mace Musulma mai tsoron Allah da ke cikin aikin, da limamin bariki, ku tambaye su dalla-dalla: yaya sutura lokacin horo da bayansa, yaya masauki, yaya sallah, yaya maganar aure a ƙa'idar da ke aiki yanzu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan ya tabbata ba za ta iya tsare suturarta da mutuncinta ba, ta haƙura. Wanda ya bar abu don Allah ba ya taɓewa, kuma asibiti ba na soja kaɗai ba ne.

"Kada ta tafi ba da yardarka da ta mahaifiyarta ba. Ku ma kada ku hana ta don gudun abin da mutane za su ce. Ku zauna da ita, ku ji ta bakinta, ku yi istihara. Yarinyar da ta zo ta faɗa muku a fili ta fi wadda za ta cike a ɓoye. Shi kuma yayanta, a ja masa kunne, kalmar haramun ba a jefa ta kamar dutse."

Ya yi shiru jim kaɗan, ya ce, "Malam, wato aikin ya dawo kaina kenan." Na ce, "Dama a kanka yake Baba, kai ne makiyayin gidan."

GARGAƊI GA MASU NEMA, MAZA DA MATA

Rundunar soja tana nanatawa a kowace sanarwa cewa cike fom kyauta ne. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi yana da gurbi, ko dai ɗan damfara ne ko maci amana, kuma mai ba da cin hanci da mai karɓa duk an la'ance su a hadisi. Kada ka rage shekaru, kada ka sayi takardar shaidar ƙaramar hukumar da ba taka ba, kada ka ɓoye ciwo, horon Depo ba wasa ba ne, rai ake magana. 'Yan mata kuma, duk wanda ya ce ku same shi a otal ko a gida don ya taimaka muku, ku sani ba taimako yake nufi ba. Aikin da aka shiga da ƙarya, albarkarsa ta riga ta zube tun a bakin ƙofa.

Wanda yake da ƙarin ilimi ko gyara, musamman malamaina da 'yan uwa mata da ke cikin aikin, ƙofa a buɗe take, a yi cikin ladabi. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne da Shaiɗan.

Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu maza da mata, Ya jiƙan waɗanda suka rasu wajen kare mu, Ya shiryi masu riƙe da makami su ji tsoronSa, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zazzau da Najeriya baki ɗaya. Amin.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Tudun Wada, Zariya.